Wa Ya Fasa Garayar Suk-hi

A ɗakin hirar tsofaffin ƙauyenmu na fara jin maganar, muna karta, matar Kang mai kanti tana rabawa. Ta ce ai Bu Chang-sik ne ya yar da garayar Suk-hi a hanya. Wai motarsa ce ta zame a kan ƙanƙara, garayar ta faɗi, ya tashe ta ya nannaɗe, ya kawo ta kamar ba abin da ya faru. Da aka kwance ta bayan kwana uku sai ga ƙirjinta a tsage.

Na ce, "Wa ya gani?"

"Kowa ya sani, Malama."

"Ban ce wa ya sani ba. Wa ya gani?"

"To, ta fara. Mu fa ba 'yan ajinki ba ne." Ta buga katinta a kan bargo. "Tafiyar awa ɗaya daga birni, mutum ya yi awa biyu da rabi. Me ya tsaya yi? Gaisawa da dawaki?"

Aka yi dariya, ni ma na ɗan yi, don matar Kang ta iya magana. Amma shekara talatin da shida na yi ina koyar da kimiyya, kuma abin da na tsinta a ciki shi ne, duk maganar da aka ce kowa ya sani, in ka bi sawunta, bakin mutum ɗaya za ta kai ka. Chang-sik kuwa ya zauna a ajina. Ba shi da kai ko kaɗan, amma bai taɓa maido mini da kwalbar gwaji a fashe ba. Tun da maganar ta fito gida uku sun fasa ba shi aiki. Ranar Asabar kuma ƙungiyar manoman lemu za ta zauna ta zaɓi wanda zai riƙa kai lemun ƙauyenmu tashar jirgin ruwa. Shi yake kaiwa shekara goma sha ɗaya, kuma ban da motar nan ba shi da komai, ko bishiya ɗaya.

Ranar Talata ce muke wannan karta. Na ajiye katina na ce bari in bi sawu.

Garayar da ake magana ba ƙarama ba ce. Irin ta tsaye ce, ta fi namiji tsawo, tsirkiya arba'in da bakwai, feda bakwai a gindi. Suk-hi ta yi shekara talatin tana kaɗa ta a ƙungiyar makaɗan birnin Jeju. Da mijinta Sang-ho ya yi ritaya, uwarsa kuma ta faɗi sau biyu a tsakar gida, sai suka yanke shawarar dawowa ƙauye, su zauna a ɗakunan waje, tsohuwa tana nata na ciki da tukunyarta, yadda aka saba.

Ƙaura kuwa sai a makon ƙaura, ƙarshen Janairu, lokacin da allolin gida suke hawa sama kai rahoto, kowa ya kwashi kayansa kafin su dawo su ga an taɓa musu wuri. Na ce wa Suk-hi ta kawo gadaje da tukwane, ta bar garayar sai Afrilu, in sanyi ya sauka. Na ce allolin nan ba za su dawo su zauna ƙirga tsirkiya ba. Amma Iyar Sang-ho ta ce ko cokali ba zai shiga gidanta ba bayan sun dawo. Shekararta tamanin da tara, sittin daga ciki ta yi su tana sana'ar nutso a teku. Ba a musu da ita, ko don ba ta jin abin da kake faɗa.

Ina gidan ranar da garayar ta iso. Maza huɗu suka sauke ta cikin rigarta mai kauri, aka tsayar da ita a ƙaramin ɗakin da ke ɓangaren tsohuwa, wanda aka yi shekaru ba a kwana a ciki. Suk-hi ce ta zaɓi ɗakin, don ba ɗumi a cikinsa, itacen garayar ya saba da gidan a hankali. Aka ci taliya a tsaye, sannan ita da Sang-ho suka koma birni kwana biyu, su share tsohon gida su miƙa makulli. Iyakar abin da na gani da idona ke nan.

Da safiyar Laraba na sami Chang-sik yana wanke motarsa, wadda ba ta je ko'ina ba balle ta yi datti. Ya cire hula ya rusuna, mutum mai shekara hamsin da shida, furfura ta cinye masa kai.

Na ce, "Kai, ka yar da ita?"

"Haba Malama."

"Amsa nake so, ba haba ba."

"Ban yar da ita ba. Ba ma a wannan motar na ɗauko ta ba, wannan a buɗe take. Rufaffiya na aro wurin surukina. Katifa biyu na shimfiɗa. Na kwantar da ita ta gefen da Suk-hi ta ce, ƙarafan nan masu juyawa suna kallon sama, na cusa matasai, na ɗaure da ƙyalle, ban sa igiya ba."

"To awa biyu da rabi fa?"

"Hanyar dutse akwai ƙanƙara. Bakin teku na zagayo, ina tafiya kamar mai bin gawa. Wani mai tarakta ma sai da ya wuce ni yana zagina." Ya matse soson da ke hannunsa. "Malama, ranar da na kai matata haihuwa ban lallaɓa haka ba. Har yau tana yi mini gori."

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"Na faɗa. Suka ce wanda ya yar ma haka zai ce."

Gaskiyarsu ce a nan, ban iya musawa ba. Bakinsa ba hujja ba ne. Sai na nufi wurin garayar.

Suk-hi ta riga ta maido ta ɗakinta na waje. Ta sassauta tsirkiyoyin duka, suna lilo kamar igiyar shanya. Ta kawo mini shayin sha'ir, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta zauna ba. Na sa tabarau na bi garayar tun daga kai har gindi. Abin da ya faɗi yakan nuna inda ya bugu. Na duba ginshiƙi, na duba wuya, na shafa kusurwoyi, ko ƙwarzane babu, ruwan zinariyar da ke kanta ko ɓarewa bai yi ba. Tsagar tana kan allon ƙirji, itace ne siriri wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Biyu ce ma, ɗaya ta kai kamu guda, kuma duk sun bi jijiyar itacen, bakinsu a buɗe har ina iya zura farce. Duka ba ya yin haka. Itacen da ya bushe da gaggawa ya tsuke, shi yake yin haka, balle ga tsirkiya arba'in da bakwai suna jansa da ƙarfin da ya kusa tan guda.

Na ce, "Me mai gyara ya ce?"

"Na aika masa hoto can birnin Seoul. Ya ce sai dai a sake allon gaba ɗaya." Ta kalli garayar. "Za ta yi ƙara, amma ba da muryarta ba. Wata ce za ta dawo."

"Wannan ba faɗuwa ba ce, Suk-hi."

Ta kawar da kai, ta dubi tsakar gida.

"Kin san ba faɗuwa ba ce."

"Malama, shayinki zai huce."

Na ajiye kofin na ƙetara tsakar gida zuwa ƙaramin ɗakin. Ina zuge ƙofa warin ƙauri ya tare ni. Takardar da aka lulluɓe daɓen da ita, wadda ya kamata ta zama rawaya, ta yi ja kamar bayan gurasa a gefen da ke kusa da murhun ɗumama ɗakin, wurin da ya fi ko'ina zafi, inda ake zaunar da baƙo mai daraja. A tsakiyar jan nan ga sawun ƙafafun garaya guda huɗu. Na zagaya bayan ɗaki na leƙa bakin murhun da ke kai wuta ƙarƙashin daɓe. Cike yake da toka sabuwa, fara tas, ga guntayen rassan lemu a gefe.

Ina durƙushe a wurin na ji murya a kaina, da ƙarfi kamar mai kiran jirgi.

"Malama sarkin sani! Me kike nema a murhuna? Dankali?"

Iyar Sang-ho ce, tana dogare da keken jarirai da take turawa a maimakon sanda. Na miƙe da ƙyar, na matsa kusa da kunnenta na hagu, shi ne mai ɗan sauran rai.

"Yaya, wa ya hura wuta a nan?"

"Wa kuwa? Ni mana! Akwai wani mai hankali a gidan nan ban da ni?" Ta yi dariya. "Yaran nan suka kawo abu daga cikin ƙanƙara, suka jefa shi ɗaki mai sanyi kamar rijiya, suka yi tafiyarsu. Na shiga na zura hannu cikin rigarta, na ji ta kamar gawa. Na ce a'a, ba a gidana ba. Mu in muka fito daga ruwa a watan nan, bakinmu baƙi ƙirin, ina ake kai mu? Ba gindin wuta ba? Kwana biyu ban bar murhun nan ya mutu ba. Har bargona na auduga na ƙara mata. Da kaina na ja ta zuwa wurin ɗumin, kaɗan-kaɗan, bayana har yanzu bai daina ba."

"Yaya..."

"Ai ke kika ce! Ko kin manta? Ranar da aka kawo ta, a nan tsaye, kika kama kunnena kika ce, sanyi ne makiyinta, kada a bari ya taɓa ta. Na ce to, tunda mai ilimi ta faɗa."

Na faɗa. Sai a lokacin na tuna. Haushi nake ji a ranar, don an ƙi jin shawarata, kuma so nake tsohuwa ta san irin kasadar da ta sa aka yi. Hanya nake nufi. Iskar waje nake nufi. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, na juya na karɓi taliyata.

Ta ci gaba. "Ni dai na yi nawa. In ta fashe, ba a gidana ta fashe ba. Yaron nan ɗan gidan Bu ne, tun yana ƙarami hannunsa rawa yake. Na faɗa wa matar Kang ma." Ta rage murya, wato ta koma kamar ta sauran mutane. "Surukata ba ta cin abinci, Malama. Ina jin ta. Wato ba na ji, amma ina gani. Saboda ni ta baro birni. Abu ɗaya ta zo da shi, shi ma an fasa mata."

Ta tura kekenta ta wuce. Da na juya, Suk-hi tana tsaye a bakin ɗakinta, hannuwanta cikin hammata. Ta ji komai, duk unguwar ma za ta iya ji, da akwai wanda ya san abin da maganar take nufi.

Ta ce, "Tun ranar da na dawo na sani. Ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni. Ita kuma tana bayana tana murmushi, tana jira in yi godiya."

"Kin yi?"

"Na yi."

"Chang-sik fa?"

"Na je gidansa sau biyu, ban iya shiga ba." Ta share hanci. "Malama, ki ce mini yadda zan faɗa mata. Ke kin iya magana. Ki ba ni kalmomin, zan je yanzu. Mace ce da ba ta taɓa ɓata abin wani ba a rayuwarta, da shi take taƙama. Ta ce wa Sang-ho ranar da ta zama nauyi a kan mutane za ta daina cin abinci, kuma kin san ta, za ta yi."

"Sang-ho me ya ce?"

"Ya ce magana ce, za ta wuce."

Ban ba ta kalmomin ba. Ba ni da su.

Ranar Alhamis na koma wurin Chang-sik na gaya masa komai, har da nawa. Na ɗauka zai yi tsalle. Zama ya yi a kan matakin motarsa, ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Inna Sun-deok?" Da sunanta ya kira ta, yadda uwarsa take kiranta. "Kai. Kwana biyu tana ɗibar itace da wannan bayan nata?"

"Ran Asabar zan faɗa a taro."

"A gabanta? Ai tana zuwa, tana da bishiya arba'in."

"To ya kake so in yi? Aikinka ne zai tafi."

"Na sani." Ya murza hularsa. "Shekarar da teku ta ci babana, ita ta nutsa kwana uku har ta samo shi. Maza sun haƙura, ita ba ta haƙura ba. Ni ba zan ce ki faɗa ba, Malama. Ba kuma zan ce kada ki faɗa ba, don ina da 'ya a jami'a. Ke ce malama. Ki nemo wata hanya."

Kwana biyu na yi ina neman wata hanyar. Na ɗauko tsohon littafin aji biyu, na yanko reshen lemu ɗanye na ɗora a kan murhuna don in ga yadda zai tsage. Na yi tunanin in ce sanyin hanya ne, amma sai a ce to ai shi ya daɗe a hanyar. Na yi tunanin in ce tsufa ne, amma garayar da ta yi shekara talatin lafiya ba ta zaɓar makon ƙaura ta tsufa. Duk inda na juya, sai na ga ko dai wuta ko dai shi.

Ran Asabar zauren ya cika tun ƙarfe goma. Mun Tae-bong, shugaban ƙungiya, ya karanta sunaye biyu: Chang-sik, da wani kamfanin motoci daga birnin Seogwipo. Chang-sik yana can baya kusa da inda ake cire takalma. Iyar Sang-ho tana sahun gaba, Suk-hi a gefenta tana ɓare mata lemu. Na ɗaga hannu.

Tae-bong ya ce, "Malama Hyun. An ce kin zama 'yar sanda a makon nan. Me kika gano?"

Na miƙe. Na ce na duba garayar da idona, babu alamar faɗuwa ko ɗaya. Na yi musu bayanin yadda itace yake shan danshi, yadda yake tsukewa in ya bushe, da yadda tsagar duka ta bambanta da tsagar bushewa. Na nuna reshen lemun. Na yi magana mai kyau, na san na yi, ko a aji ban cika yin irinta ba.

Matar Kang ta ce, "To mun ji karatu. Me ya busar da ita?"

"Zafi."

"Zafi? A Janairu?" Aka kwashe da dariya. "A ina ta samo shi, mu ma mu je?"

Wani daga baya ya ce ai hitar mota ce, Chang-sik ya ƙure ta don kada ƙafarsa ta yi sanyi. Na ce hitar mota ta awa biyu ba ta yin haka, sai wuta ta kwanaki.

Tae-bong ya ce, "Wuta a ina, Malama? Wa ya hura?"

Iyar Sang-ho ta ga kowa yana kallona, ta juyo ita ma, ta ɗaga mini ɓarin lemu tana murmushi, ta ce da ƙarfi, "Me take cewa? Ku saurare ta, mai ilimi ce!" Suk-hi ba ta ɗago kai ba. Na dubi Chang-sik, shi kuma yana duban takalman mutane.

Na ce, "Abin da na sani shi ne bai yar da ita ba."

"Wannan ai ra'ayinki ne," in ji Tae-bong, a hankali ya faɗa, don shi ma ya zauna a ajina. "Lemu ba ya son mai sakaci, Malama. Ba mu ce ya yi ba, amma ba za mu gwada da amfanin shekara ba."

Aka ɗaga hannu. Ashirin da tara ga kamfanin Seogwipo, takwas ga Chang-sik. Suk-hi tana cikin takwas ɗin. Iyar Sang-ho ta duba ta ga inda hannuwa suka fi yawa, ta ɗaga nata tare da su. Chang-sik ya nemo takalminsa a cikin tarin, ya rusuna wa zauren, ya fita.

A watan Maris ya sayar da motar. Yanzu yana dako a tashar jirgin ruwa a birni, yana dawowa gida ran Lahadi. In mun haɗu yana cire hula. Garayar tana ɗakin Suk-hi cikin rigarta, ba a aika ta Seoul ba. Iyar Sang-ho tana cin abincinta lafiya.

Bu Chang-sik bai yar da garayar ba, lafiya ya kawo ta. A ƙaramin ɗakin Iyar Sang-ho ta tsage, a kan daɓe mai zafi. Tsohuwar ce ta hura wutar, kwana biyu, ni kuma na ce mata kada a bari sanyi ya taɓa ta.